TIRELAR DA KE RIKIƊA TA KOMA MUTUM

 A wannan wata za mu leƙa kwandon kayan wasan yara ne, domin a cikinsa akwai wani abu da ya shekara sama da 40 a duniya, wanda da farko yara aka yi wa shi, amma yanzu manya masu furfura ne ke ribibinsa da kuɗi masu kauri. Watau mutum-mutumin nan mai rikiɗa da ake kira Optimus Prime, shugaban rundunar Transformers. Wanda bai san sunan ba, wataƙila ya san siffar: jan kan tirela mai shuɗin baya, wanda idan aka lanƙwasa nan aka juya can, sai ya miƙe tsaye da ƙafa biyu da hannu biyu da kai. Hotonsa na nan a jikin jakunkunan makaranta da rigunan yaranmu, kuma ire-irensa, na gaske da na jabu, sukan faɗo cikin dilar gwanjo su bi kasuwanninmu.

Kayan wasa nawa aka yi a shekarar da aka yi shi, waɗanda yau ko sunansu ba mai tunawa? To, me ya sa shi ya tsira? A ganinmu amsar tana cikin ƙirarsa. Wanda ya zana shi ya yi ƙoƙarin ganin kusan kowane yanki na jikinsa ya yi aiki biyu, ɗaya a mota ɗaya a mutum, ba tare da an cire shi daga inda yake ba. Wanda ya gane wannan zai iya auna kowane abin wasa irinsa da aka miƙo masa a kasuwa, ya san ko ya cancanci kuɗinsa.

ASALINSA

Yawancin mutane sun ɗauka daga Amurka abin ya fito, saboda finafinan da suke gani. Asalinsa kuwa ƙasar Japan ce. A can akwai wani kamfanin kayan wasa mai suna Takara, wanda a shekarar 1980 ya fito da wasu 'yan mutum-mutumi da ya kira Diaclone. Labarin da aka ɗora su a kai shi ne, wai injunan yaƙi ne da 'yan Adam ke shiga ciki suna tuƙawa. Saboda haka akan haɗa su da wasu 'yan mitsi-mitsin direbobi na roba, tsawon kowanne bai fi santimita 3 ba, an sa musu maganaɗisu a tafin ƙafa don su riƙa mannewa a jikin ƙarfe. A 1982 sai kamfanin ya ƙara wani reshe, na motoci irin waɗanda ake gani a kan titi, masu rikiɗa su koma mutum-mutumi. Wani mai zane, Kojin Ono, shi ya fitar da da yawa daga cikinsu. A 1983 kuma aka fito da babbar motar da ke ɗaukar sauran, aka sa mata suna Battle Convoy. Takardar rajistar ƙirarta na ɗauke da sunan Hiroyuki Obara.

A wannan shekara ta 1983 ne wakilan kamfanin Hasbro na Amurka suka ga kayan a bikin baje kolin kayan wasa na birnin Tokyo. Suka sayi izinin sayar da su a ƙasarsu, suka haɗa su da wani rukunin na Takara mai suna Micro Change, wanda shi kuma kayan gida ne ke rikiɗa, kamar rikoda da kaset da kyamara da bindigar hannu. Sai dai Amurkawan sun ga cewa inji maras suna ba ya shiga zuciyar yaro. Don haka suka ɗauki hayar marubutan kamfanin Marvel, masu buga labarai cikin zane, aka ce su ƙago labari. Jim Shooter ya shimfiɗa tushen labarin, Dennis O'Neil ya raɗa sunan Optimus Prime, Bob Budiansky kuma ya sa wa mafi yawan sauran suna, ya rubuta halin kowanne. Aka kori direbobin nan gaba ɗaya, aka ce injunan da kansu suke da rai, sun zo daga wata duniya mai suna Cybertron, sun kasu gida biyu suna yaƙi. A 1984 aka zuba su a kantuna, kuɗin Optimus Prime a lokacin wajen dala 20.

YADDA AKA ƘERA SHI

Bari mu ɗauki na 1984 ɗin mu juya shi a hannu. A siffarsa ta mota, kan tirela ne samfurin Freightliner na Amurka, irin mai shafaffiyar fuska, wanda direba ke zaune a bisa inji, babu dogon hanci a gaba. A wancan zamani irin waɗannan sun cika titunan Amurka, domin doka ta ƙayyade tsawon mota tun daga bamba har wutsiyar tirela, saboda haka duk abin da aka rage a hanci ya zama ƙarin wurin kaya. Wannan siffa ta akwati ita ce ta sauƙaƙa wa mai zanen aikinsa, domin akwati mai faɗi da gilasai biyu a sama ya riga ya yi kama da ƙirjin ƙato.

Kan motar na da taya 6, biyu a gaba huɗu a baya, dukansu na roba mai laushi irin ta tayar gaske, kuma suna gungurawa. Gaban motar na ƙarfen zubi ne, wanda aka haɗa da tutiya, shi ya sa idan aka ɗaga shi ake jin nauyinsa a tafin hannu. Mafi yawan sauran jikin na roba mai tauri ne, ja da shuɗi. Bamba da ragar gaban lagireto da salansa biyu da ke tsaye a gefe da tankunan mai, duk an yi musu ruwan ƙyalli mai kama da azurfa.

Ga yadda rikiɗar take. Da farko a cire tirela a ajiye gefe. Sa'an nan a kama shuɗin bayan motar, inda tirela ke zama, a lanƙwaso shi ƙasa, sai ya zama ƙafafu biyu, tayoyin baya huɗu suna jere a gefen ƙwauri. A ɗago ƙarshensu su zama tafin ƙafa. A jawo gefunan kan motar waje, sai su zama hannuwa, salansar nan biyu kuma su tsaya a kafaɗu kamar ƙahonni. A juyo wani ɗan faifai da ke saman motar ta baya, sai kai ya bayyana, shuɗi, da kunnuwa biyu masu tsini da abin rufe baki. Gilasan gaba sun zama ƙirji, ragar lagireto ta zama ciki, bamba ta zama ƙugu. Ga mutum tsaye, tsawonsa wajen santimita 16. Yaro ɗan shekara shida, in an nuna masa sau biyu, zai yi wannan cikin ƙasa da minti ɗaya.

A lura da abin da ya faru a nan. Ba a ɓoye motar ba don a fito da mutum. Wanda ya dubi mutumin yana ganin mota a jikinsa, yana iya nuna gilashi da taya da salansa, kowanne ya sami sabon aiki. Masu tara irin waɗannan kaya suna ƙyamar mutum-mutumin da in ya miƙe sai a ga rabin mota na reto a gadon bayansa kamar kayan ɗan koli, domin alama ce ta cewa mai zanen ya rasa inda zai kai ragowar. Na 1984 ba shi da wannan goyo.

Wuri ɗaya ne dabarar ta gaza, watau a tafin hannu. Dunƙulen hannuwansa biyu daban suke zuwa, sai an soka su a ramukan fitilun gaba. Idan za a mayar da shi mota, dole a cire su. Akan buɗe ƙirjin a zuba su ciki, amma yaro ba ya tunawa da haka kullum. Saboda haka yau mafi yawan tsofaffin da ake samu guntaye ne, babu hannu, har ta kai ga akwai masu sana'ar sayar da dunƙulen hannun kaɗai. Yankin da aka yi shi don aiki ɗaya, shi ne ya fi ɓacewa. Haka kuma gaɓoɓinsa kaɗan ne: kafaɗa da gwiwar hannu suna motsi, amma kansa ba ya waiwaye, ƙafafunsa kuma ba sa buɗewa.

KUJERUN DA BA MAI ZAMA

Duk wanda ya buɗe ƙirjin nan zai tarar da kujeru biyu a ciki. Yaran Amurka sun daɗe suna mamakin wa aka yi wa su, tun da a labarin da aka ba su ba wanda ke tuƙa Optimus Prime. Kujerun direbobin Diaclone ne da aka kora. Dalilin barinsu kuwa na kuɗi ne. Kayan roba ana yin su ne ta hanyar narka roba a ɗura ta cikin wani mazubi na ƙarfe da aka sassaƙa siffar abin a cikinsa, kuma sassaƙa wannan mazubi shi ne mafi tsada a duk aikin. Hasbro bai sake sassaƙa sabo ba, ya yi amfani da na Takara ne, ya sauya sitika da kwali da labari.

Tirelar ma haka take. Launin toka ce, idan aka buɗe ta sai ta rabe biyu ta kwanta ta zama filin gyara. A tsakiya akwai wani inji mai dogon wuya, da hannu mai kama da awartaki, da faifan hango abokan gaba, da bututu biyu masu harba 'yan kibau na roba. Akwai kuma wata 'yar mota mai taya 6 da ake kira Roller, wadda sifirin ke cillo ta waje idan aka danna maɓalli, da kuma tiyo da bakin famfon mai. Ita ma Roller tana da kujeru, injin gyaran ma yana da wurin zama. A rukunin farko da aka fitar har da faranta na ƙarfe a daɓen tirelar, waɗanda aka yi domin maganaɗisun ƙafar direbobi, daga baya aka maye gurbinsu da sitika. Masu tarawa da irin waɗannan alamu suke gane na farko da na baya, kuma kuɗinsu ya bambanta.

Haɗa rukuni biyu da aka yi ya haifar da wani abin dariya. Motocin Diaclone an yi su ne a kan ma'aunin kashi ɗaya cikin 60 na girman mota ta gaske, alhali rikodar nan da aka sa wa suna Soundwave kusan girman ta gaske ce. Megatron, shugaban abokan gaba, bindigar hannu ce samfurin Walther P38 ta Jamus, amma in ya miƙe tsaye yana kai tsawon tirela ko ya fi. Masu yin katun ɗin ba su wahalar da kansu ba, sai kawai suka riƙa nuna shi yana ƙanƙancewa in zai koma bindiga. Daga baya dokokin Amurka a kan bindigogin wasa suka yi tsanani, domin 'yan sanda kan kasa bambanta su da na gaske, shi ya sa sa'ad da aka sabunta kayan a 1993 aka mayar da Megatron tankar yaƙi.

DABARAR CINIKI

Kada kyan ƙira ya sa mu manta cewa abin nan don ciniki aka yi shi. A bayan kowane kwali akwai hoton mutum-mutumin da taƙaitaccen tarihinsa da wani jadawali mai auna ƙarfinsa da basirarsa da saurinsa da jarumtakarsa da sauransu, daga 1 zuwa 10. An lulluɓe jadawalin da jajayen layuka yadda ba ya karantuwa sai an ɗora wata 'yar jar leda da ke cikin kwalin. Yaro ya karanta na wannan, sai ya so ya ga na wancan. A 1985 aka ƙara wata baƙar sitika wadda in an goga ta da yatsa, ɗumin jiki sai ya fito da tambarin rundunar da abin yake ciki. Wasa ne ga yaro, amma ga kamfani hanya ce ta bambanta kayansa da na masu kwaikwayo, waɗanda tun a lokacin suka cika kasuwa.

Babbar dabarar ita ce talabijin. A farkon shekarun 1980 hukumomin Amurka suka sassauta ƙa'idojin talla a shirye-shiryen yara, aka sami damar yin katun sukutum a kan kayan da ake sayarwa. Na Transformers ya fara a watan Satumba na 1984, ya kai kashi 98 kafin ya tsaya a 1987, wani ɗan wasa mai suna Peter Cullen ne ya ba Optimus Prime murya. A 1986 aka yi babban fim na katun, a cikinsa aka kashe Optimus Prime tun kafin a kai rabi, domin kamfani na son ya share kanta ya zuba sababbin kaya. Yara suka yi ta kuka a gidajen silima, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi, har sai da aka dawo da shi a katun ɗin talabijin a 1987. Kamfani ya ɗauka roba yake sayarwa, ashe yaran sun riga sun ɗauki abin a matsayin uba. Wannan ya isa ya nuna wa iyaye ƙarfin abin da ake nuna wa yara a allo, kuma ba laifi ba ne a ce wa yaro a'a idan ya nemi na biyu da na uku.

YARAN JIYA, MASU KUƊIN YAU

Yaran 1984 sun girma sun kama aiki, kamfanonin kuma ba su manta da su ba. A ƙarshen 2003 Takara ya fito da wani sabon rukuni mai suna Masterpiece, wanda aka yi domin manya. Na farkonsa Optimus Prime ne, wanda a Japan ake kira Convoy, tsawonsa wajen santimita 30, yatsunsa na motsi ɗai-ɗai, hannuwansa kuma a cikin damtse suke naɗewa, watau an magance matsalar da ta addabi na farko. Aka sake wani a 2011, aka kuma sake wani a 2019, kowanne yana ƙoƙarin ya fi na baya kama da zanen katun. A 2006 Takara ya haɗe da kamfanin Tomy, suka zama Takara Tomy. A 2007 fim ɗin Michael Bay ya fito, inda aka sauya motar zuwa Peterbilt mai dogon hanci da zanen harshen wuta.

Sai dai wannan kama da katun tana da farashi. Zanen katun ba ya bin ƙa'idar ƙarfe da roba, mai zane yana iya ɓatar da taya ko ya siranta ƙugu yadda ya ga dama. Kafin abin wasa ya yi kama da wannan zane, sai an cika shi da 'yan faya-faye masu naɗewa ciki da waje, a ɓoye gilashin mota na gaske a fito da wani na bogi a ƙirji. Rikiɗar da a da ba ta kai minti ɗaya ba ta koma aikin da babba zai zauna da takardar umurni a gabansa yana bi mataki-mataki, yana tsoron kada wani abu ya karye. Da yawa daga masu sayensu sau ɗaya suke rikiɗa su, sa'an nan su kulle a kabad mai gilashi.

Wasu kamfanonin ma sun shigo. A 2021 kamfanin Robosen ya yi wani mai ƙananan injuna 27 a jikinsa, wanda in an yi masa magana sai ya rikiɗa da kansa, har ya yi tafiya, kuɗinsa a lokacin wajen dala 700. A 2022 Lego ya yi nasa mai gutsattsari 1,508, wanda bayan an harhaɗa shi yana rikiɗa ba tare da an wargaza shi ba. Mu dai a wurinmu na Lego ya fi kusa da manufar asali, domin mai rikiɗa da kansa ya ƙwace wa hannu aikinsa, ya bar mai shi da kallo. Abin lura kuma shi ne, a 2024, da abin ya cika shekara 40, Takara Tomy komawa ya yi ga ƙirar farko, ya fitar da ita a rukunin da ya kira Missing Link, da ƙarfenta da tayoyinta na roba, ya ƙara mata gaɓoɓi kawai, ya kuma manne hannuwan. A wannan shekarar ce kuma gidan tarihin wasanni na The Strong da ke Rochester a jihar New York ya shigar da Transformers cikin jerin fitattun kayan wasan Amurka.

IN ZA A SAYA

Yanzu bari mu dawo kasuwarmu, inda uba zai tsaya gaban mai tebur ana gobe Salla, ko uwa ta tsinci wani a tsibin gwanjo. Abu na farko, a juya ƙasan abin a duba. Na gaske akan sami sunan kamfani, Hasbro ko Takara ko Tomy, da ƙasar da aka yi shi, an zuba rubutun a jikin roba ko ƙarfe. Ganin sunan ƙasar Sin ba ya nufin jabu ne, domin kamfanonin da kansu sun daɗe suna yin kayansu a can. Jabu yakan zo ba suna, ko a ga an kankare wurin sunan, robarsa sakayau, gefunanta da kaifi, launinsa ya yi kauri ko ya koɗe, gaɓoɓinsa kuma ko dai su yi sako-sako ya kasa tsayuwa, ko su ƙage sai an sa ƙarfi.

Abu na biyu, a ce mai kaya ya rikiɗa shi a gabanka, ya kuma mayar da shi. A lura da yankuna nawa ne sai an cire su an ajiye gefe. Duk abin da ake cirewa, a ɗauka ya riga ya ɓata. Kuma ba asarar kuɗi kaɗai ke ciki ba. Waɗannan 'yan gutsattsari, hannu ne ko kibiya ko taya, daidai maƙogwaron jariri suke, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a kwalayensu cewa ba na yaran da ba su kai shekara 3 ba ne. A gidajenmu kuwa, inda ɗan shekara takwas da mai rarrafe ke wasa a tabarma ɗaya, gargaɗin ya fi shafarmu. Kamfanin da kansa, da ya sake fitar da na 1984 a Amurka a 2002, sai da ya gajarta salansar kafaɗa ya kuma tsawaita kibau saboda ƙa'idojin kare yara. Mai yin jabu ba ruwansa da wannan.

Abu na uku ya shafi wanda ya yi sa'ar tsintar tsohon na gaske. Kada a yi garajen wanke shi da kananzir ko fetur, suna cin roba. Tsumma mai ɗan laima ya isa, a kuma kauce wa sitika. Kada a bar shi a rana, domin rana na mayar da farar roba rawaya, tana kuma busar da tayoyi su tsage. Ruwan ƙyallin nan yana gogewa da yawan taɓawa, ba ya dawowa. In gaɓa ta ƙi motsi, kada a tilasta mata, a duba ko akwai wani yanki da ya kamata a fara buɗewa. Kwali da takardar umurni da sauran tarkace, kada a zubar, domin a wurin masu tarawa cikakken kaya ya ninka guntu a daraja, wanda ba a taɓa buɗe kwalinsa ba kuwa yakan kai dubban daloli a gwanjon masu neman irinsa. Amma kada wannan ya ruɗi kowa: irin waɗannan ba safai suke faɗowa cikin dila ba, yawancin abin da za a tsinta darajarsa ita ce wasan da yaro zai yi da shi.

Wannan wasan kuwa ba abin rainawa ba ne. Yaron da ke rikiɗa irin wannan abu yana koyon cewa aiki na da jeri, wani mataki ba ya yiwuwa sai an gama wani, yana koyon kallon abu ya hango yadda zai kasance in an juya shi, yana kuma koyon bambanci tsakanin gaɓar da ta ƙi don ba lokacinta ba ne da wadda ta karye. Duk bakaniken da ya taɓa sauke giyabos ya san darajar wannan. Mu ma ba baƙi ba ne a wannan fage. Yaranmu sun daɗe suna yin motar kara da motar waya da ta gwangwanin madara, suna yanka tsohon silifa su yi taya, suna ɗaura doguwar sanda su yi sitiyari, kuma a wurinsu ma murfin kwalba ɗaya yakan zama fitila yau, gobe ya zama taya. Shoji Kawamori, wanda ya yi aikin zanen Diaclone na farko, daga baya kuma ya zana jirgin yaƙi mai rikiɗa na katun ɗin Macross a 1982, an haife shi ne a 1960, watau yana ɗan shekara ashirin ya fara wannan aiki.

Saboda haka idan aka saya wa yaro irin wannan abu, kwana biyu aka tarar ya samo sukundireba ya kwance shi yana leƙen ciki, kafin a ɗauko bulala a fara tambayarsa abin da ya gani. A ba shi faranti ya zuba ƙusoshin kada su ɓace, a ɗauke wa ƙannensa ƙananan gutsattsarin, a ce ya mayar da shi yadda yake. In ya iya, to, kuɗin da aka kashe ya biya kansa. In kuma bai iya ba, a kai shi wurin mai gyaran rediyo na unguwa su mayar tare.

A nan za mu dakata. Mai tambaya ko ƙarin bayani, ƙofar wannan fili a buɗe take, a rubuto mana. Sai wata mai zuwa idan rai ya kai mu.